Wane Launi Ne Maganin Damuwa?

Jiya muna loda tukwanen fure a mota ka jefo mini tambaya, ban samu sukunin amsa maka ba. Ka ce, "Maigida, Alhajin nan ya ce mu shuka wa mahaifiyarsa furannin da za su kwantar mata da hankali, don tun da ta fita takaba ba ta da walwala. Wane launi ne maganin damuwa?"

To ɗana, ka fara cire kalmar magani daga bakinka. Mu masu lambu ne, ba likitoci ba. Abin da za mu iya shi ne mu yi mata wurin da za ta so zama, idonta ya huta. Kuma wannan aikin kore ne yake yin mafi yawansa, ba fure ba. A 1984 wani mai bincike a Amurka, Roger Ulrich, ya duba bayanan marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyata. Waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi sun riga masu kallon bangon bulo barin asibiti, kuma ba su sha maganin kashe zafi mai ƙarfi kamar su ba. Ka lura, bishiyoyi suka kalla. Mu ma ai mun sani tun a makarantar allo: da Suratur Rahman ta zo siffanta gidajen Aljanna guda biyu, cewa ta yi "mudhammatan", wato kore shar har ya yi duhu. Saboda haka inuwa da ganye tukuna, fure kuwa gishirin miya ne.

Sannan kafin ka haƙa rami ko ɗaya, ka gano inda Hajiya take shimfiɗa tabarmarta, da kuma lokacin da take fitowa. Nan ne sirrin. In bayan la'asar take zama har magariba, to fari ne naka. Da rana ta faɗi ja ne ke fara dusashewa, ya koma kamar baƙi, amma fari da shuɗi mai haske suna nan ana ganinsu har duhu ya shiga. Ka sa mata lalle kusa da baranda. Furensa ƙanana ne, ba wani abin kallo ba, amma ƙamshinsa da yamma babu tsohuwar da ba zai tuna mata da gidansu ba. Ka haɗa da daddoya da na'ana'a a tukunya inda hannunta zai kai. Shuɗin fure yana da wuyar samu a ƙasar nan. Plumbago ne wanda na fi yarda da shi, yana jure rana.

Ja kuwa ka yi hankali da shi. Ina saurayi na taɓa karɓar kwangilar wani gida, na jera bougainvillea ja jir a jikin farar katanga, daidai gaban ɗakin dattijon gidan. Ni a ganina na ƙure adaka. Da bazara ta zo, rana ta daki katangar, sai ya aiko a kira ni, ya ce tun azahar ba ya iya ɗaga labule, kamar an hura masa wuta a ƙofa. Da hannuna na tuge su, ƙaya ta yayyage ni, kuɗin aikin ma rabi aka ba ni. Ja na nesa ne, can bakin ƙofar gida ko ƙuryar fili, inda ido zai je ya dawo. Dubi gurjiya a daji da hunturu: ba ganye ko ɗaya, ga ƙura, sai jan fure a sama. Kyanta daga nesa yake.

Rawaya tana sa fara'a, musamman da safe. Kaɗan ta isa, wajen da hantsi ke fara sauka.

Kuma ka yi lissafin rani. Damina wata huɗu ce zuwa biyar a nan Kano, ko juji ma kore yake yi a lokacin. Lambun da zai bushe a watan Janairu ƙarin baƙin ciki ne ga mai kallonsa kullum. Kariya tana fure ruwan hoda a tsakiyar rani, ruwa kaɗan take so, sai dai ruwan jikinta guba ne, da shi maharba ke dafa kibiya a da. Gidan nan na ga jikoki suna rarrafe, don haka in za ka sa ta, ka ɗora tukunyar inda ba za su kai ba.

Gobe in mun je, ka gaishe ta da kyau, ka durƙusa, ka tambaye ta wace bishiya ce a tsakar gidan da ta tashi. In ta ce zogale ne, mu dasa zogale, ko da Alhaji ya ce bai yi kama da gidan masu kuɗi ba. Ka taho da butar ban-ruwa ƙarama, wadda za ta iya ɗauka da kanta.