Ƙawata ba ta nemana sai da buƙata: in yanke ta ko in ci gaba da kawaici?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni matar aure ce a wani ƙauye a ƙasar Gaya, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ina da ƙawa tun muna makarantar allo. Ta haihu sau 3, kowane suna ni ce ƙirjin biki, da turmin atamfata da kwana a bakin murhu. Rancen da ta karɓa a hannuna ya kai naira 40,000, ko sisi bai dawo ba. Da damina ɗana ya yi kwana 9 a asibiti, ko yaro ba ta turo ba. Shekaranjiya ta aiko 'yarta in ba ta kwalbar mai 2 bashi. Na bayar, na kwana ina kuka. Ina tsoron in hana a ce na samu duniya na wulaƙanta ta.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa yaron lafiya. Kukan nan da kika yi ba na kwalbar mai ba ne, na kwana taran nan ne. Da rashin kuɗi ne kaɗai sai in ce ki yi mata uzuri, domin a Suratul Baƙara aya ta 280 Allah ya ce a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci. Amma dubiya ba ta cin ko kwabo. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafarta ta san hanyar gidanki ranar da take son mai.

Ki dubi yadda iyayenmu suka gina biki. Wadda ta kawo miki gudummawa kina riƙe da lissafinta, wasu ma a littafi suke rubutawa, ranar nata ki mayar har da ɗori. Haka gayya take a wurin maza: wanda ba ya zuwa gonar mutane, ranar tasa shi da fartanyarsa za su wuni. Ba wanda ya taɓa kiran wannan rowa. Abin da kike nema a wurin ƙawarki, wato ta neme ki kamar yadda kike nemanta, shi ne asalin ƙawance a ƙasar nan, ba son kai ba ne.

Ban ce ki yi gaba da ita ba. Annabi (SAW) ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3. Ki gaishe ta, ki amsa sallamarta, in an yi mata rashi ki je. Iyakar da za ki sa a hannunki take, ba a fuskarki ba. Mata da yawa a nan suke ruɗewa, suna ganin ko dai su ba da komai ko su yanke hulɗa, alhali akwai fili mai faɗi a tsakani.

Abin da ya fi damuna jarinki ne. Kowace kwalba da ta fita bashi, gyaɗar da za a auno miki ranar Juma'a a kasuwar Wudil ce ta ragu, ga kuɗin niƙa, ga itace, ga bayanki da ke ciwo wajen matsa. Ki raba uwar kuɗi da riba. Daga riba ki ware abin da za ki iya kyautarwa ba tare da ya tsaya miki a rai ba, ko da ƙullin ƙuli-ƙuli ne. Uwar kuɗi kuwa ba ta fita, ko don wa.

Batun dubu arba'in, ki taka da kanki, kada ki aika. Ki zaɓi lokacin da take ita kaɗai, ba a gaban kishiya ko yara ba. Ki ce mata: "Ƙawata, ɗana ya kwanta ban gan ki ba, abin ya yi min ciwo. Sannan kuɗina ina bukatarsu, ko dubu bibbiyu ne duk mako zan karɓa." Ki saurare ta da kyau, domin mai yiwuwa akwai abin da ba ki sani ba, wataƙila mijinta ne ya hana ta fita. In kun daidaita, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, Baƙara 282, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba abin kunya ba ne. In kuma tana da hali ta ƙi, hadisi ya kira jinkirin mawadaci zalunci.

Ki shirya wa fushi. Wanda ya saba da buɗaɗɗiyar ƙofa, ranar da ya tarar da ita a saye zai ɓata rai, za ki ji maganganu a gidan suna. Ki bari mako 3 ko 4 su wuce ki gani: za ta zo gaisuwa hannu biyu ba kwalba, ko shiru za ki ji? Kada ki bi ta da ban haƙuri a wannan tsakanin, ba ki yi laifi ba.

In yarinyar ta sake zuwa, kada ki sauke mata fushin uwarta. Ki ba ta ƙuli-ƙuli a hannu, ki ce ta gaida innarta, ta faɗa mata mai na sayarwa ne, kuma kina nan tafe ranar Asabar.