Amsa: Shin littafin koyon rubutu yana da amfani ga mai rubuta memuwar (kundin binciken kammala karatun jami'a)?

Ƙanena, ka ce kana shekarar ƙarshe ta lisansi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kana tambaya ko ka sayi littafin jagorar rubutu ko kuɗin banza ne. Ka saya, ko ku haɗa kuɗi ku uku ku mallaki guda. Amma ba a karanta shi daga farko zuwa ƙarshe. Kusa da kai ake ajiye shi, kana rubutu kana dubawa.

Inda ya fi aiki shi ne wajen ambaton majiya. Ɗalibai da yawa suna kwafo jimla daga intanet su manta inda suka samo ta, ranar kare aiki malamai su ce satar fasaha ce. Littafin zai nuna maka tsarin APA: sunan marubuci, shekara, sannan lambar shafi idan maganarsa ka ɗauko kai tsaye. Idan maganar ta kai kalmomi 40, sai a ware ta a sakin layi nata, babu alamar zance. Tun ranar da ka buɗe littafin da za ka ambata ka rubuta sunan marubuci, shekara da shafi a kundi, don neman shafi bayan wata biyu wahala ce.

Yana kuma taimakawa wajen matse tambayar bincike. "Noman gero a Maradi" ya yi faɗi. Zaɓi ƙauye guda da matsala guda, kamar tsutsar da ke cin zangarniya.

Kafin ka biya, tambayi malamin da ke duba aikinka tsarin da sashenku ke bi. Idan ya saɓa wa littafin, na malamin za ka bi.