Enzai, amsar tambayar ƙanwata

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanwata, na ji saƙonki na jiya, kina tambaya me Japanawa suke kiran hukuncin da kotu ta yanke wa mutum kan laifin da bai aikata ba. To, kalmar ita ce enzai. "En" ɗin yana nufin ƙazafi, "zai" kuma laifi. Wato dai an rataya wa bawan Allah jakar tsaba, kotu kuma ta sa hannu.

A can in aka ce enzai, sunan da yake fara zuwa bakin mutane shi ne Iwao Hakamada. Tsohon ɗan dambe ne, yana aiki a wani kamfanin miso a Shizuoka. Miso ɗin nan kamar daddawarmu yake, da waken suya ake yin sa. A 1966 aka kashe manajan kamfanin da matarsa da 'ya'yansu biyu, aka banka wa gidan wuta. 'Yan sanda suka kama Hakamada, suka tsare shi kusan kwana 20 suna ta masa tambayoyi, wajen awa 12 kullum, har ya amsa laifin. Da aka je kotu ya ce wallahi tilasta masa aka yi. Ba a saurare shi ba, a 1968 aka yanke masa hukuncin kisa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganar kayan sawa. Bayan fiye da shekara guda da kashe mutanen wai aka tsinci tufafi biyar masu jini a cikin tankin miso, aka ce nasa ne. Aka ba shi wandon ya gwada, ya ƙi shiga, ya yi masa kaɗan! Jinin kuma yana nan da ja-ja, alhali jinin da ya shekara a cikin miso baƙi yake komawa. Sai a ranar 26 ga Satumba 2024 kotun Shizuoka ta wanke shi, ta ce masu bincike ne suka ƙirƙiri hujjar. A lokacin yana da shekara 88.

Shi ma bai je kotun ranar ba, zaman jiran igiya ya riga ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Yayarsa Hideko ce ta zauna a madadinsa. Tana da shekara 33 aka kama ƙanin nata, tana da 91 ta ji alƙali ya ce ba shi da laifi, sai hawaye.