Allon IBM 2250 ba irin na yanzu bane

Malam, ka tambaya ko rubuta program na allon manyan kwamfutocin da irin na yanzu ne. Gaskiya ba ɗaya bane. Ɗauki allon IBM 2250 da aka sanar da shi a 1964 tare da babbar kwamfutar System/360, shi ba ya ajiye hoto ɗigo ɗigo, jerin umarni zaka zuba masa a memori, je wuri kaza, ja layi zuwa wuri kaza, sai ya dinga maimaitawa har sau 40 a sakan ɗaya don hasken gilashin nan take yake dushewa. In ka cika masa layuka hoton sai ya fara ƙifta ido, dole ka rage. Alƙalamin hasken da ake ɗorawa a kan allon don nuna abu ne ke burge ni wallahi, da ya hango haske sai na'urar ta gaya wa program layin da ake zanawa lokacin.