Mabiyiya da ciwon daji: amsoshin likita

Tambaya: Likita, cikina ya zube yana wata uku. Da aka yi min wankin ciki sai aka ce babu jariri, wasu ƙulli-ƙulli ne kamar 'ya'yan inabi. Me ya sa har yanzu ake ɗibar jinina? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya mayar da alheri. Mabiyiya ce ta yi girman da ya wuce ƙa'ida. A cikin ƙwayoyin jiki akwai wasu furotin da ke kunna ƙwayoyin gado ko su kashe su, wasu kuma su taka wa girma birki. Ɗaya daga cikinsu, p57, daga gadon uwa kaɗai ake sarrafa shi. Idan ƙwan ya rasa gadon uwa, na uba kaɗai ya rage, babu wannan birki. Kusan kashi 15 cikin 100 na masu irin wannan ciki, ragowar mabiyiyar takan ci gaba da tsiro, wani lokaci ta rikiɗe ta zama ciwon daji. Sinadarin hCG da mabiyiya ke fitarwa, wanda gwajin ciki ke nema, shi ake aunawa a jininki, shi ke fara tona asirinta. Don Allah kada ki fasa zuwa, kuma ki dakata da ɗaukar ciki sai likitanki ya sallame ki. Ciwon yana jin magani sosai. Tun 1956 Dakta Min Chiu Li ya warkar da shi da maganin methotrexate a Amurka.

Tambaya: Da gaske ne mabiyiya tana kama da kansa, wato ciwon daji? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: Akwai kama, malam. Tana kutsawa cikin bangon mahaifa, ta buɗe jijiyoyin jini, ta kauce wa garkuwar jikin uwa. Sai dai ita ta san inda za ta tsaya. In kutsen ya gaza ma matsala ce, yana cikin abin da ke jawo hawan jinin masu ciki da jijjiga. Wasu nau'o'in kansa kan farfaɗo da ƙwayoyin gado irin na mabiyiya har su fitar da hCG, shi ya sa namiji mai kansar maraina gwajin ciki zai iya nuna "yana da ciki".

Tambaya: Matata ta yi irin wannan ciki. Laifin waye? Daga wani maigida a Kano.

Amsa: Babu mai laifi, Alhaji, tun haɗuwar ƙwai da maniyyi abin ke faruwa. Yawanci ciki na gaba lafiya yake zuwa, amma ku je hoton ciki da wuri.