Zauren Masu Karatu: Kaboyin Baba da Dodon Yara

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Garwa. A makon jiya na kalli fina-finai biyu, ɗaya na ban tsoro wanda ya fito kwanan nan, muka kalle shi a waya da abokaina, ɗayan kuma tsohon fim ne na kaboyi da Baba ya sa na nemo masa. Na farkon ya sa muka yi ta zabura, na biyun kuwa har gyangyaɗi na yi, domin sai a daɗe ana kallon-kallo ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Baba ya ce nawa shirme ne, ni kuma ina ganin nasa ya tsufa. Wa ya fi gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ba ka faɗi sunan fim ɗin ba, amma kallon-kallon da ka ambata ya sa ina zaton irin na Sergio Leone ne, Ba'italiyen da ya yi fina-finai uku tare da Clint Eastwood a shekarun 1964, 1965 da 1966. Ko da yake labarinsu na Amurka ne, an ɗauki yawancinsu a Sifaniya, musamman a yankin Almeriya mai ƙarancin ruwan sama, kuma Ennio Morricone ne ya tsara kiɗansu.

A wannan gardama ina bayan Baba, sai dai ba don tsufa ya haɗa mu ba. Ka koma ƙarshen na 1966, inda mutum uku suke tsaye a tsakiyar maƙabarta. Kyamara tana tashi daga idon wannan ta sauka a kan yatsun wancan da ke matsawa kusa da bindiga, ta koma kan idon na ukun da ke rarraba kallo, kiɗa kuma yana ta hauhawa na mintuna, harbin kansa kuwa bai wuce ƙiftawar ido ba. Jiran nan da ya sa ka gyangyaɗi shi ne fim ɗin, kuma da shi ake gina fim ɗin ban tsoro na ƙwarai, domin abin da ke bayan ƙofa ya fi tsoratarwa kafin a buɗe ta.

Yawancin na ban tsoro da na kalla a bana ba su da wannan haƙuri. Ana rage haske, a yi tsit na ɗan lokaci, sai a saki ƙara mai ƙarfi tare da mummunar fuska. Wannan razana ce, irin wadda ƙaninka zai iya sa ka idan ya laɓe a zaure ya yi maka ihu. Na taɓa kashe sautin ɗaya daga cikinsu na ci gaba da kallo, sai ga dodon ya koma mutum da ya sha kwalliyar gari da jan baki, har dariya ta kama ni. Ka gwada haka da naka. Idan bayan ka kashe sauti har yanzu kana jin nauyin fita tsakar gida da dare, to ka koma wurin Baba da hujjarka cikin ladabi. Kuma ka nemi allo babba, domin faɗin saharar fim ɗin kaboyi ba ya shiga fuskar waya.

TAMBAYA: Malam, ni daga Kusuri nake rubutowa. Shin an taɓa yin kaboyi da gaske, ko ƙirƙirar 'yan fim ce?

AMSA: An yi su, ɗan'uwa, amma makiyaya ne 'yan ƙwadago. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, sun riƙa kora garken shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, tafiyar wata biyu ko uku a kan doki cikin ƙura. Da yawa daga cikinsu baƙaƙen fata ne da 'yan Meziko, waɗanda tsofaffin fina-finai ba su cika nunawa ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake loda shanu a jirgin ƙasa a Ngaundere domin kai su kudu ya ga abin da ya fi kama da ainihin aikinsu. Ƙaunar fina-finansu kuwa ta daɗe a yankinmu, har Moustapha Alassane na Nijar ya yi wani a 1966 a kan saurayin da ya dawo gida da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu.