Tambaya da Amsa: Ɗana Ya Kai Wata Takwas Amma Ya Ƙi Kunu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ina da yaro ɗan wata takwas, shi ne ɗana na fari, kuma nono zalla na ba shi har ya cika wata shida kamar yadda aka umarce mu a wurin awo. Daga nan na fara dama masa kunun gero, amma da ya ga cokali sai ya damƙe baki ya kau da kai, in kuwa na samu na sa masa, sai ya turo shi da harshe ko ya yi kamar zai yi amai. Surukata ta ce in kai mata shi ta yi masa ɗura, domin haka ta yi wa duk 'ya'yanta har da mahaifinsa. Hankalina bai kwanta da wannan ba, ga shi kuma ina jin nauyin yi mata musu. Mene ne abin yi? Daga wata uwa a Funtuwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana shi, ya kuma saka miki da alheri kan haƙurin da kika yi na wata shidan nan. Ki kwantar da hankalinki, domin yaron da ke shan nono yadda ya kamata ba zai galabaita ba don ya yi 'yan makonni yana gardama da cokali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa tsakanin wata 6 da wata 12 nonon uwa yana ba yaro rabin ƙarfin da jikinsa ke buƙata ko ma fiye da haka. Sai dai kuma ba a yin sake da sauran rabin, musamman saboda sinadarin ƙarfe mai gina jini wanda yaro ya taho da shi daga ciki yana raguwa ne a wajen wata shida, kuma abin da ke cikin nono ba ya isa ya cike gurbinsa.

Abin da kike gani kamar ƙiyayya ce ga abinci, mafi yawansa rashin iyawa ne. Yaron nan tun da ya zo duniya tsotso kaɗai ya sani, shi kuwa karɓar abu mai kauri daga cokali da juya shi a baki da tura shi maƙogwaro wani aiki ne dabam da sai ya koya, kamar yadda zai koyi rarrafe da tsayuwa. Turo abinci da harshe da yunƙurin aman da kika ambata hanyoyi ne da Allah ya halicci jariri da su don kare maƙogwaronsa, kuma suna raguwa idan ya saba.

Game da ɗura kuwa, amsata a fili take: kada a yi masa. Duk mun san yadda ake yin ta, a kwantar da yaro a kan cinya, a danne hannuwansa, a tara tafin hannu a bakinsa a cika da kunu, wani lokaci har a toshe masa hanci domin ya buɗe baki ya haɗiya dole. Hatsarin shi ne ƙofar abinci da ƙofar numfashi suna maƙwabtaka a maƙogwaro, kuma yaron da ke kwance yana tsala kuka yana neman iska ba shi da ikon rufe ɗaya ya buɗe ɗaya. Idan kunu ya bi hanyar numfashi ya faɗa huhu, zai iya shaƙe shi nan take, ko kuma ya haifar da ciwon huhu bayan kwana ɗaya ko biyu, a ga yaro yana tari da zazzaɓi da haki ba tare da kowa ya danganta abin da ɗurar shekaranjiya ba. Wanda ya tsira daga wannan kuma ya koyi cewa kwano da cokali alamar azaba ce, don haka gobe gardamarsa za ta fi ta yau.

Iyayenmu mata ba da mugunta suka yi ɗura ba, tsoron yunwa ne da ƙaunar ɗa, kuma surukarki tana magana ne a kan abin da ta gani ya yi mata aiki. Saboda haka ban ba ki shawarar ki tsaya gabanta ki ce ba ta iya ba. Ki sanar da maigidanki hatsarin, shi ya yi wa mahaifiyarsa bayani cikin ladabi, ko kuma ki roƙe ta ta raka ki asibiti ranar awo ta ji daga bakin ma'aikaciyar lafiya. Abin da ya fi wannan ma shi ne ki ba ta aikin ciyarwar da kanta, amma da cokali kuma yaro yana zaune, domin sau da yawa yaro yakan ƙi karɓa daga hannun uwa saboda yana jin ƙanshin nono a jikinta, ya kuma karɓa daga hannun kakarsa.

Ki zaɓi lokacin da yake a farke cikin nishaɗi, ba lokacin da yunwa ta ci shi har ya fara kuka ba, ba kuma sa'ad da ya ƙoshi da nono ko barci ya ɗauke shi ba. Ki wanke hannunki da nasa da sabulu, ki zaunar da shi a miƙe yana fuskantarki, ki kai cokali kusa da leɓensa ki jira ya buɗe da kansa. Cokali biyu ko uku sun isa a farko, sau biyu zuwa uku a yini, kina ƙarawa a hankali har ya kai wajen rabin kofi mai cin mililita 250, sannan daga wata tara ki mayar da shi sau uku zuwa huɗu. Idan ya kau da kai sau biyu ko uku, ki ɗauke kwanon ba tare da faɗa ba, ki sake gwadawa an jima ko gobe. Yaro yakan ɗanɗana abu sau goma ko fiye kafin ya amince da shi, alhali mu kuwa a karo na uku mukan yanke hukunci cewa ba ya so.

Ki kuma tuna cewa ɗan wata takwas ya fara ɗaukar abu ya kai baki, kuma akwai yaran da suka tsani cokali amma suna son ci da hannunsu. Ki ajiye masa yankan ayaba nunanniya, ko gwanda, ko dafaffen dankalin Hausa ko kabewa da suka yi laushi har yatsa na iya murƙushe su, ki bar shi ya dama ya shafa a fuska, kina zaune kusa da shi ba ki matsa ko'ina ba. Ki riƙa zaunar da shi a tabarma lokacin da kuke cin abinci, domin ganin bakin manya yana motsi yana jawo sha'awarsa fiye da kowane rarrashi.

Shi kansa kunun yana buƙatar a duba shi. Yawancin abin da muke dama wa jarirai ruwa ne tsararo, ga shi cikin yaro mai wannan watanni bai wuce girman ƙaramin kofi ba, don haka yana cika da ruwa ba tare da ya samu abin kirki ba. Kunun da ya dace shi ne wanda idan kika karkata cokali ba zai zube nan da nan ba, kuma saboda haka ba a ba da shi a fida. Ki ƙara masa ƙarfi da niƙaƙƙiyar gyaɗa, ko garin soyayyen waken suya, ko ɗan manja, kamar haɗin gero da waken suya da gyaɗa da ake kira Tom Brown. Kada ki tsaya a kunu kaɗai: dafaffen ƙwai da aka murƙushe, da hanta, da kifin da aka cire wa ƙaya, da wake da ya dahu luguf, da garin zogale a cikin fate, su ne masu gina jini da jiki. Kada ki sa sukari don ki yaudare shi, kada ki sa gishiri ko dunƙule, kada ki ba shi zuma sai ya cika shekara ɗaya domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri, kuma kada ki ba shi ƙwayar gyaɗa guda saboda shaƙewa.

Za ki ji masu cewa ki hana shi nono yunwa ta koya masa hankali. Kada ki bi wannan shawara, domin nonon ne ke riƙe da shi a yanzu, kuma shayarwa har shekara biyu ita ce abin da likitoci suke kira a kai, ita ce kuma Alƙur'ani mai girma ya ambata a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara.

Ki riƙa kai shi awo kowane wata da katinsa. Idan nauyinsa ya tsaya ko ya ragu, ko ya fara ƙin nonon ma, ko yana ƙwarewa da tari duk lokacin da ya haɗiya, ko har yanzu ba ya iya riƙe kansa ya zauna, ko kika ga fari-fari a harshensa da dasashinsa, ko tafin hannunsa ya yi fari, ko ƙafafunsa sun kumbura, to kada ki jira, ki kai shi asibiti. Haka nan idan kin bi waɗannan matakai na wata guda bai karɓi komai ba. A can za su auna damtsensa da ɗan tef mai launi uku, wanda idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, alama ce ta tamowa mai tsanani da ke buƙatar magani ba da ɓata lokaci ba.

TAMBAYA: Malama, 'yata mai wata goma sha ɗaya tana cin abinci sosai, amma tun da ta yi gudawa makon jiya ta daina karɓar komai sai nono. Maƙwabta sun ce haƙori ne. Daga wani uba a Maraɗi.

AMSA: Malam, Allah ya ba ta lafiya. Fitowar haƙori takan sa yaro ƙaiƙayin dasashi da ɗan rage ci na kwana biyu ko uku, amma ba ita ke kawo gudawa ba, kuma jingina kowace cuta ga haƙori ya sa an makara da yara da yawa. Mahaifiyarta ta ƙara yawan shayar da ita, ta riƙa ba ta abincin da ta fi so kaɗan-kaɗan a kai a kai, idan kuma cin ya dawo a ƙara mata ci ɗaya a kan wanda ta saba kowace rana har mako biyu, domin ta mayar da abin da ta rasa. In har gudawar ba ta tsaya ba, a ba ta ruwan gishiri da sukari na asibiti tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, idan kuwa akwai zazzaɓi ko jini a bayan gida, ko idanunta sun faɗa, ko ta kasa shan nonon, ku kai ta asibiti a ranar.